Kowane Gari Da Cimarsa: Awarar Zaƙi A Rumfunan Singafo

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Gusau ya san awara da yamma ake cinta, da zafinta, an barbaɗa mata yaji, wani lokaci a haɗa da kabeji da albasa. In da za a je a gaya wa yarinyar da ke suyarta a ƙofar gida cewa akwai wata ƙasa inda ake shan awara da cokali, an kwarara mata ruwan sukari, har ma da ita ake karya kumallo, to babu shakka sai ta yi dariya, ta ɗauka tatsuniya ake yi mata. Amma kuwa maganar haka take. Ƙasar ita ce Singafo, kuma can ne wannan fili zai kai masu karatu a makon nan, domin a bayan wannan ɗan kwano na awarar zaƙi akwai labarin yadda wani birni ya yi da dubban 'yan tallarsa, da abin da ya samu, da kuma abin da yake fargabar rasawa.

Singafo dai ɗan tsibiri ne a kudancin Malesiya, wanda tsawonsa daga gabas zuwa yamma bai wuce kamar mil 30 ba, watau bai kai rabin tafiyar Kano zuwa Zariya ba, amma mutanen da ke zaune cikinsa sun kai miliyan 6. Wani Baturen Ingila mai suna Stamford Raffles ne ya kafa tashar ciniki a wurin cikin 1819, daga nan mutane suka yi ta kwararowa ci-rani daga kudancin ƙasar Sin da kudancin Indiya da tsibiran Indunusiya, suka tarad da Malayawa waɗanda su ne 'yan ƙasa tun asali. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 74 cikin ɗari na mazauna ƙasar jinin Sinawa ne, Malayawa sun ɗara kashi 13, Indiyawa kuwa kashi 9. Kowace al'umma ta zo da tukunyarta. Ƙasar ba ta da gonakin a-zo-a-gani, saboda haka fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincin da ake ci daga waje ake kawo shi, har da waken suya, wanda jiragen ruwa ke ɗaukowa daga Kanada da Amurka da wasu ƙasashe.

ZAUREN 'YAN TALLA

Baƙon da ya sauka Singafo yana neman masu suya a bakin titi, kamar yadda ya saba gani a gida, zai sha yawo bai same su ba. An tattara su duka cikin manyan zauruka waɗanda Gwamnati ta gina, sama da guda 110, galibinsu a gindin dogayen benayen da fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'ar ƙasar ke zaune ciki. Zauren babban gini ne mai rufi, iska na ratsa shi ta kowane gefe, fankoki na juyawa a sama. Rumfuna na jere layi-layi, kowace ba ta fi ɗan ƙaramin shago ba, a tsakiya kuwa teburori ne da kujeru kafe a ƙasa, waɗanda ba na kowace rumfa ba ne. Mutum na iya sayen shinkafa a wannan rumfa, tsire a waccan, abin sha a ta uku, ya zo ya zauna inda ya ga dama. Mafi girman zaurukan shi ne na Unguwar Sinawa, mai rumfunan abinci sama da 200. Akwai na Maxwell, da na Newton, da na Titin Tsohon Filin Jirgin Sama, da na Tekka a unguwar Indiyawa, da na Geylang Serai a unguwar Malayawa.

Wurin yana da ladubbansa waɗanda ya kamata baƙo ya sani. In ya ga ɗan ƙunshin takardar goge hannu ko laima a kan teburi babu kowa, to kada ya zauna, domin mai wurin ya kama ne ya tafi bin layi, kuma duk cunkoson da ake yi da rana tsaka ba mai ɗauke masa. In yana son ya san rumfar da ta fi iya girki, sai ya dubi tsawon layi, gama mutanen Singafo ba su ƙi su tsaya rabin sa'a saboda kwano ɗaya ba. Mai rumfa in dattijo ne "kawu" ake ce masa, in dattijuwa ce "inna", ko da kuwa babu dangin iya babu na baba. Malayawa su ce "pakcik" da "makcik", ma'anar dai ɗaya ce. In an gama ci kuma, kowa shi ke ɗaukar kwanonsa ya kai inda aka tanada. Tun watan Satumba na 1 ga wata, 2021, wannan ya zama doka: wanda ya bar kwano a teburi karon farko takardar gargaɗi za a ba shi, karo na biyu tarar dalar Singafo 300.

FUREN WAKE

Awarar da ake magana a kai sunanta "tau huwe" da harshen Hokkien, wanda da yawa daga cikin Sinawan Singafo suka gada daga lardin Fujian. "Tau" shi ne wake, "huwe" kuwa fure, watau furen wake ke nan. Mutanen Sin na cewa wani ɗan sarki mai suna Liu An, wanda ya mutu shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya fara daskarar da madarar wake, amma masana tarihi ba su ga sunan awara a rubuce ba sai cikin ƙarni na 10.

Farkon aikin babu abin da ya raba shi da na matan Arewa. Ana jiƙa wake ya kwana, a wanke, a markaɗa, a tace a fid da dusa, sa'an nan a ɗora madarar a wuta ta tafasa sosai. Wannan tafasa ba don ɗanɗano kaɗai ba ce. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari mai hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, kuma zafin wuta ne ke kashe shi, shi ne kuma ke rage ƙarnin waken.

Daga nan ne hanya ta rabu biyu. Mai awarar gida ruwan tsami take zubawa cikin madarar tana kan wuta, sai ta tsinke ta taso gudaji-gudaji, ta kwashe ta zuba a ƙyalle, ta ɗaure, ta danne da dutse har ruwan ya tsane. Mai tau huwe kuwa ba ya son madararsa ta tsinke ko kaɗan. Yana dama garin wani farin dutse mai laushi da ake kira jifsam, tatacce wanda aka shirya musamman domin abinci, tare da ɗan sitaci, a gindin wata doguwar tukunya. Sai ya ɗaga madarar da zafinta ya kwarara ta ciki gaba ɗaya, a zubi guda, yadda ƙarfin zubin ne zai gauraya su. Ba ya sa muciya, ba ya motsa tukunyar. Ya rufe da ƙyalle da murfi, ya ba ta kamar minti ashirin zuwa talatin. In ya buɗe sai ya tarad da madarar ta kwanta sumul, ta daskare da ruwanta a jiki, fara fat, tana rawa in an taɓa tukunyar.

A nan gwaninta take. In garin dutsen ya yi yawa sai awarar ta yi tauri da ɗan ɗaci, ta riƙa tsatsar da ruwa. In ya yi kaɗan ba za ta kama ba. In madarar ta huce kafin a zuba, ko wani ya yi karo da tukunyar tana cikin kwanciya, aikin daren nan ya tashi a banza. Shi ya sa masu wannan sana'a sukan tashi tun tsakar dare, domin kafin gari ya waye ma'aikata sun fara layi.

Ko ɗibarta ma sai wanda ya iya. Ba da ludayi mai zurfi ake kwasa ba, da wani faffaɗan cokali ne marar zurfi ake yankar ta sama-sama, falle-falle, ana shimfiɗawa cikin kwano, sa'an nan a zuba ruwan sukari wanda aka dafa da ganyen pandan, wani dogon ganye mai ƙamshi da mutanen yankin ke sawa a kayan zaƙi. Wanda ya kai cokalin farko bakinsa zai ji ba abin taunawa, sai dai ta narke ta wuce, ta bar ƙamshin wake da ɗumi a maƙogwaro. Mafi yawa da "yu tiyau" ake haɗa ta, wani dogon soyayyen ƙulli na alkama marar zaƙi, mai kama da fanke in an ja shi ya yi tsawo, ana tsomawa ana ci. A rumfunan unguwa kwano bai cika wuce dala biyu ba.

Wannan abinci ya yi 'yan'uwa ko'ina a Gabashin Asiya, kowa da yadda yake sonsa. A arewacin Sin da gishiri da miya ake ci, a lardin Sichuan da barkono, a Indunusiya da ruwan citta mai zafi, a Malesiya da baƙin sukarin kwakwa. A Filifin kuwa, inda ake kiransa "taho", har yanzu da safe masu talla na ratsa unguwanni da bokiti biyu rataye a sanda bisa kafaɗa, suna kiran sunansa da ƙarfi.

Wajen 2011 wata rumfa mai suna Lao Ban, a zauren Titin Tsohon Filin Jirgin Sama, ta yi tashe da wani sabon salo: awara mai sanyi wadda aka sa wa zaƙin tun a cikin madara, aka daskarar da ita cikin firji. Samari da 'yan mata suka yi mata caa, layi ya riƙa zagaye zaure, masu kwaikwayo suka cika gari. Dattawa dai har gobe cewa suke wannan ba tau huwe ba ce, kuma in an bi ta hanyar yi suna da gaskiya, tun da yake ba garin dutse ne ya kama ta ba. Ban da wannan akwai ita kanta madarar, wadda ake sha da zafi ko da ƙanƙara. In aka zuba mata yankakken baƙin jeli da ake yi da wani ganye, sai a ce a ba da "Michael Jackson", saboda wata waƙar mawaƙin nan na Amurka da ta yi zancen baƙi da fari. Sana'ar kuma ta ɗaga wasu: kamfanin Mr Bean, mai shagunan madarar wake birjik a tashoshin jirgin ƙasa na birnin, da rumfa ɗaya ya fara a zauren People's Park cikin 1995.

SAURAN KAYAN ƘWALAMA

Bahaushen da ya shiga zauren Geylang Serai zai yi ta ganin abubuwan da ya sani cikin baƙuwar riga. Ga "tauhu goreng", wadda ita ce awarar da ya saba da ita, soyayya, an yanka ta an zuba mata tsiron wake da kokwamba da miyar gyaɗa mai zaƙi da yaji-yaji. Ga "goreng pisang", ayaba da aka tsoma cikin ƙulli aka soya. Ga "epok-epok", ɗan naɗin fulawa mai cike da dankali ko kifin gwangwani. Ga "putu piring", garin shinkafa da ake turarawa cikin 'yan ƙananan faranti, a tsakiyarsa an ɓoye sukarin kwakwa mai kama da mazarƙwaila, wanda ke narkewa ya malalo in an gatsa, ana ci da gogaggiyar kwakwa. A rumfunan Indiyawa kuwa zai ga "wadai", ƙosai mai huda a tsakiya, wani lokaci da jatan lande manne a kansa, ya kuma ga mai shayi yana ɗaga kofi sama yana zuba wa wani kofin har ya yi kumfa, daidai yadda ake yi a teburin mai shayi na kowace tasha. Sunan shayin "teh tarik", watau shayin da aka ja.

Tsirensu "sate" ake ce masa. A tsakiyar unguwar bankuna akwai wata tsohuwar kasuwa mai suna Lau Pa Sat, wadda aka kafa ginshiƙanta na ƙarfe cikin 1894. Da magariba sai a rufe titin Boon Tat da ke gefenta, a hana motoci wucewa, a jera teburori a kan kwalta, masu gashi su hura gawayi, hayaƙi ya turnuƙe a gindin benaye masu hawa hamsin. Bambancinsa da tsiren gida shi ne ba a shafa masa ƙuli-ƙuli kafin gashi. Ana jiƙa naman ne cikin kurkum da sukari da kayan ƙamshi, a soke shi a siraran tsinkaye, bayan ya gasu kuma a riƙa tsoma shi cikin miyar gyaɗa, ana haɗawa da albasa da kokwamba da dunƙulen shinkafa da aka dafa cikin saƙar ganyen kwakwa. Goma-goma aka saba saye.

Akwai kuma "rojak", wanda ma'anarsa da Malayanci ita ce haɗin gambiza: abarba da kokwamba da soyayyar awara da yu tiyau, an cakuɗa su da baƙar miyar jatan lande da sukari da tsamiya, an barbaɗa dakakkiyar gyaɗa. Mutanen Singafo kan yi wa ƙasarsu kirari da sunan wannan abinci, saboda yadda ta tara jinsi iri-iri cikin kwano ɗaya.

Matafiyi Musulmi sai ya yi hattara, domin rumfunan Sinawa da yawa suna aiki da naman alade ko kitsensa, har a cikin abincin da ido ba zai gane ba. Misali shi ne wani soyayyen abinci da ake kira wainar karas, wanda babu karas ko ɗaya cikinsa, garin shinkafa ne da wani farin tushe da ƙwai, kuma sau da yawa da kitsen alade ake soya shi. Sate ma akwai na alade a wasu rumfunan. Sauƙin abin shi ne Musulmi sun kai kashi 15 cikin ɗari na mazauna ƙasar, kuma Majalisar Addinin Musulunci ta Singafo, wadda ake kira MUIS, tana ba da takardar shaidar halal da ake liƙawa a gaban rumfa, ban da rumfunan da Musulmi ne masu su. Har wurin mai da kwanoni an raba shi biyu, na halal daban, na sauran daban. Tau huwe ta gargajiya wake ce da ruwa da garin dutse da sukari, amma sabuwar mai sanyi wasu na kama ta da sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, saboda haka tambaya ba ta zama laifi ba. Wanda kuma likita ya hana shi zaƙi sai ya koyi kalmar "siu dai", watau a rage sukari, kalmar da ta ƙara yawa a bakin jama'a tun 2016 da Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta ɗaura yaƙi da ciwon sukari.

YADDA AKA BARO TITI

Wannan tsari bai faɗo daga sama ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aikin yi ya yi wuya a Singafo, sai duk wanda ya rasa abin yi ya sami kura ko sanda da kwanduna biyu ya shiga talla. Tituna suka toshe. Babu famfo, da bokiti ɗaya na ruwa ake wanke kwanonin yini guda, sauran abinci kuwa a kwata ake zubarwa, ɓeraye da ƙudaje suka sami gida, zazzaɓin taifot da kwalara suka riƙa ɓarkewa. Cikin 1950 Gwamnatin Turawa ta kafa kwamitin bincike a kan 'yan talla, amma abin da aka fi yi a aikace shi ne kame. 'Yan talla suka laƙaba wa duba-gari suna "ti gu", watau bijimin ƙasa, da an hango su sai kowa ya tura kurarsa ya ranta a na kare, a bar masu ci riƙe da kwano. Gobe kuma a dawo wurin jiya, domin talaka na bukatar abinci mai araha, mai talla kuma na bukatar abin kai wa gida.

Bayan ƙasar ta sami cikakken 'yanci ran 9 ga Agusta, 1965, Gwamnatin Firayim Minista Lee Kuan Yew ta sake dabara. Cikin 1968 da 1969 aka bi tsibirin lungu-lungu aka rubuta sunan kowane mai talla, aka sami kamar 18,000 a kan tituna, aka ba su lasin, aka matsar da su zuwa ƙananan hanyoyi da filayen ajiye motoci na wucin gadi. Daga 1971 aka shiga gina zauruka, kowace rumfa da famfonta da wutar lantarki da magudanar ruwa, da masu kwashe shara kullum. Aka gina su a inda masu saye suke, kusa da gidaje da masana'antu da tashoshi, aka kuma yanka wa waɗanda aka taso daga titi haya mai rahusa ƙwarai. Aikin share Kogin Singafo, wanda aka yi daga 1977 zuwa 1987, ya ƙara wa shirin sauri, domin dubban masu talla a bakin kogin da rassansa suke zubar da ƙazanta. Cikin 1986 aka shigar da na ƙarshensu zaure. Aikin ya ci shekara goma sha biyar. Daga baya, cikin 1997, aka shigo da ba rumfuna makin tsabta daga A zuwa D, ana liƙawa inda kowa zai gani. An kuma wajabta wa mai taɓa abinci ya yi kwas na tsabta kafin ya fara aiki.

YABO DA FARGABA

Sana'ar da a da ake kora a titi ta zo ta zama abin alfaharin ƙasa. Cikin 2016 littafin Michelin na Faransa, wanda ke auna manyan gidajen abinci na duniya, ya ba rumfuna biyu na Singafo tauraro, ɗaya daga cikinsu ta wani mai suna Chan Hon Meng ce a zauren Unguwar Sinawa, wanda a lokacin yake sayar da shinkafa da kaza dala biyu, ko da yake tauraron ya kuɓuce masa cikin 2021. Ran 16 ga Disamba, 2020 kuma, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa al'adar zaurukan nan cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam.

Amma yabo ba ya tashin mutum ƙarfe uku na dare. Matsakaicin shekarun masu rumfunan ya kai wajen 60, kuma yawancinsu sun yi wannan wahala ne domin 'ya'yansu su yi karatu su huta da ita. 'Ya'yan sun yi karatun, sun zama injiniyoyi da akawu a ofisoshi masu sanyi, ba su ga dalilin komawa tsayuwar sa'a goma sha biyu a gaban wuta ba. Sabon shiga kuwa ba shi da rahusar da aka yi wa na farko, sai ya yi takarar haya da wasu, har cikin 2024 aka sami wanda ya taya wata rumfa sama da dala 10,000 a wata. Kayan miya na tsada, amma da mai rumfa ya ƙara 'yan sulalla a kan kwano sai masu saye su yi ta ƙorafi, gama an saba ɗaukar abincin zaure a matsayin haƙƙin talaka. Ta haka sau da yawa in tsoho ya ajiye cokali sai rumfar ta rufe, gwanintar shekara arba'in ta bi shi.

Gwamnati ta farga. Cikin 2011, bayan shekaru fiye da ashirin ba a gina sabon zaure ba, ta ba da sanarwar gina guda 10, ta ƙara wasu 10 cikin 2015, sa'an nan cikin 2020 ta buɗe shirin haɗa matasa da tsofaffin gwanaye su koyi sana'ar a gaban murhu. Wasu matasan sun shiga, har da masu digiri. Tau huwe na cikin abincin da abin ya fi shafa, domin injin masana'anta na iya yin mai kama da ita da araha a rarraba wa rumfuna, kuma yaron da bai taɓa shan ta hannu ba ba zai san abin da ya rasa ba.

WAKEN DA YA ZO BINUWAI

Tsakanin kwanon nan na Singafo da kaskon awarar Arewa akwai zumunta ta gaske. An fara gwada shuka waken suya a Nijeriya cikin 1908 bai yi ba. Irin da ya zo ya karɓi ƙasar, wajen 1937, sunansa "Malayan", watau daga yankin da Singafo take aka samo sunan nasa, kuma manoman Tibi na lardin Binuwai ne suka rungume shi. Shekaru da yawa nomansa ake yi domin a sayar wa Turawa su fita da shi, ba domin a ci ba, in ban da matan kudancin Kaduna da suka gano yana yin daddawa. Sai cikin shekarun 1980, sa'ad da nama da madara suka yi tsada, cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tare da wasu cibiyoyi suka dage wajen koya wa mata sarrafa shi a gida. Waken da fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa abinci ne mai gina jiki ya shiga tukunya, awara ta bazu har ta zama abin da ɗan makaranta ke saye da canjin da ya rage masa, ta kuma zama jarin dubban matan aure da ke cikin gida.

Ba a ce abin da ya yiwu a ɗan tsibiri mai arziki zai yiwu gobe a Kano ko Legas ba. Amma akwai abin lura a jerin matakan da Singafo ta bi. Ta fara da ƙidaya masu talla ta san yawansu, ta gina musu wuri a inda cinikinsu yake, ta kai ruwa da magudana, bayan haka ne ta hana zama a titi. Hukumomin birane da yawa daga ƙarshen suke farawa: a zo da mota a kwashe kasko da teburi, a zubar da ƙullin da mace ta kwana tana tacewa, bayan mako guda a tarad da ita a wurin, ta ci bashi ta sayi sabon kasko. Famfo ɗaya da kwandon shara da rumfar kwano a bakin kasuwa sun fi motar kame goma rage ciwon ciki.

Ga masu awara kuma, ga abin gwadawa. Ran da aka yi ƙulli, kafin a zuba a ƙyalle a danne, a ɗebi kaɗan daga mai laushin da ta taso, a zuba a kwano da ɗuminta, a dafa citta da mazarƙwaila a kwarara a kai. Ba za ta yi santsin ta Singafo ba, tun da ruwan tsami ne ya kama ta, kuma kada wani ya yi gangancin ɗebo garin filasta na gini ko na asibiti ya sa a abinci. Amma yara da tsofaffi marasa haƙori za su sha su nemi ƙari, mai sana'a kuma ta sami abin sayarwa da safe ban da na yamma.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, sa'ad da filin zai leƙa wani garin da cimarsa.